Gardamar Maharba: Wane Harsashi Ya Fi Kayar Da Nama?

Daga wakilinmu a Minna

Da zarar an kau da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya kankama, sai hankalin maharban ƙasar nan ya koma daji. Haka abin yake a Garatu, wani gari na manoma da ke kan hanyar Minna zuwa Bida, a Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja, haka kuma yake a garuruwan Gbagyi da na Nufawa da ke kewaye da shi, har zuwa can ƙasar Hausa. In kuwa maharba suka haɗu, ba a rasa wata gardama guda wadda ba ta tsufa, watau wace bindiga ta fi ƙarfi, kuma wane ɗuri ya fi kayar da nama. Mai adaka yana ganin in ya ƙara albarushi ya ƙara sa'a. Mai bindiga mai baki biyu yana ganin shi ne gaba. Wanda kuma ya taɓa ganin hoton manyan harsasan nan da Turawa suka yi farautar giwa da su, waɗanda tsawonsu ya fi na yatsa, sai ya ce ai nan magana ta ƙare.

Turawa ma sun sha wannan gardama. Sun shafe fiye da shekara ɗari suna yin ta a dazuzzukan Afirka da Indiya, suna aunawa, suna rubutawa, wasunsu har sun bar rayukansu a cikinta. Saboda haka ya kamata mu duba abin da suka tarar, domin a ciki akwai darasi ga mai riƙe da adaka, darasin da ya shafi yatsunsa da idanunsa da ransa.

Yadda ake karanta lambar harsashi

Harsashin zamani kashi uku ne manya: ƙwanso, da albarushin da ke cikinsa, da ƙwayar da ke fita ta sami nama. Lambar da ake kiran harsashi da ita, yawanci faɗin ƙwayar take nunawa. In aka ce .375, ana nufin kashi 375 cikin 1,000 na inci guda, watau milimita 9.5. In aka ce .458, milimita 11.6 ke nan. Jamusawa kuwa da milimita suke lissafi kai tsaye, kamar 9.3x62, inda lamba ta farko ke nuna faɗin ƙwaya, ta biyu kuma tsawon ƙwanso.

Akwai kuma tsohon lissafi, wanda har yanzu ake amfani da shi ga bindiga mai baki ɗaya da mai baki biyu. Lamba 12 da ke jikin kwalin harsashinsu, ma'anarta ita ce in aka raba darma mai nauyin giram 454 zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, to kowane dunƙule zai cika bakin bindigar. Ke nan, kome ƙanƙantar lamba, girman baki ne. Bindiga mai lamba 4 dunƙulenta giram 113 ne.

Ƙarfin ƙwaya kuwa daga abu biyu yake fitowa, nauyinta da gudunta. In aka ninka nauyi, ƙarfi ya ninku sau biyu. In aka ninka gudu, ƙarfi ya ninku sau huɗu. Ma'aunin da masana kimiyya ke auna wannan ƙarfi da shi ana kiransa jul. Don a gane shi a sauƙaƙe, ƙarfin da za a kashe wajen ɗaga buhun masara mai kilo 100 sama har tsawon mita guda ya kusa jul 1,000. Mai karatu ya riƙe wannan, domin da shi za mu gwada harsasan.

Zamanin baƙin albarushi

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 duniya ba ta san wani albarushi ba sai baƙi, irin wanda ake ɗura wa adaka. Shi kuwa yana da iyaka, ba ya iya tura ƙwaya ta wuce wajen mita 600 a sakan guda. Tun da gudu ya ƙi ƙaruwa, mafarautan giwa sai suka koma ga nauyi, suka riƙa ɗaukar bindigogi masu lamba 8 da lamba 4.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Frederick Selous ya yi farauta da irin wannan bindiga mai lamba 4, ta ɗuri, a kudancin Afirka cikin shekarun 1870, ya kashe giwaye 78 da ita. Wata rana cikin ruɗanin farauta aka yi mata ɗuri biyu bisa kuskure. Da ya taɓa kunama sai bindigar ta yi jifa da shi, icen gindinta ya tsage, ta yaga masa kumatu. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa waɗannan bindigogi sun ɓata masa hannu har iyakar ransa, yana kuma nadamar haɗuwa da su.

Maharbanmu na dā wata hanya suka bi. Tun zamanin Etsu Masaba na Bida, wanda ya rasu a 1873, bindigogi da albarushi suna shigowa ƙasar Nufe ta Kogin Kwara daga hannun 'yan kasuwar Ingila. Amma irin bindigar da ke isowa ba ta iya tura darma ta ratsa jikin giwa, sai maharba suka haɗa ta da ilmin dafi da suka gada, irin wanda ake haɗawa da kwankwani. Sango, watau ƙatuwar kibiya mai dafi, shi ake cusawa a bakin bindiga, a laɓaɓa har a kusanci giwa, a harba, sa'an nan a bi sawu har dafi ya kayar da ita. Hauren da aka samu ta irin waɗannan hanyoyi shi ne fataken Hausawa suka yi ta ɗaukowa daga Adamawa, wani ya bi ta Kano ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus, wani ya bi Kogin Binuwai zuwa jiragen Turawa. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels na Beljiyam, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu na ɗuri. Wannan yana cikin dalilan da suka sa adaka ta zauna da gindinta a ƙasarmu, har maƙera suka gwanance wajen ƙera ta.

Albarushi marar hayaƙi

A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya gano albarushi marar hayaƙi, a 1889 kuma Ingilishi suka fito da nasu mai suna kodayit. Wannan ya sa ƙwaya mai matsakaicin nauyi ta sami gudun da ba a taɓa gani ba. A 1898 kamfanin John Rigby na Landan ya fito da harsashin .450 Nitro Express, mai ƙwaya giram 31 da gudun mita 655 a sakan, aka ga yana yin aikin da lamba 4 ke yi, alhali bindigarsa ta fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Amma a 1907 gwamnatin Ingila ta hana shigar da harsashi mai faɗin .450 Indiya da Sudan, don gudun kada ya faɗa hannun masu tayar mata da ƙayar baya, waɗanda ke riƙe da tsofaffin bindigogin soja masu wannan faɗi. Sai kowane kamfani ya ƙago nasa faɗin don ya kauce wa dokar. Shi ya sa lambobin suka yi yawa, alhali da yawansu aiki guda suke yi.

Ga waɗanda suka fi shahara, daga ƙarami zuwa babba.

Na farko shi ne 9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙago a Balin a 1905 saboda manoman Jamus da ke zaune a ƙasashen da suke mulki a Afirka. Ƙwayarsa giram 18.5 ce, gudunta mita 720, ƙarfinta wajen jul 4,800. Bindigarsa mai araha ce, shi ya sa ya zama harsashin manomi.

Sai .375 na kamfanin Holland & Holland na Landan, wanda ya fito a 1912. Ƙwaya giram 19.4, gudu mita 770, ƙarfi wajen jul 5,800, watau kamar a ɗaga buhun nan na masara sama mita shida. Yana kai wa nesa ba tare da ƙwayar ta sunkuya ƙwarai ba, don haka da shi ake harbin gwanki daga mita 200, da shi kuma ake tarar ɓauna daga mita 20.

Akwai .404 Jeffery na 1905, mai ƙwaya giram 26 da gudun mita 650, ƙarfi wajen jul 5,500. Shi hukumomin gandun daji na gabashin Afirka suka riƙa ba ma'aikatansu masu korar giwaye daga gonaki. Ɗan'uwansa .416 Rigby na 1911 nauyin ƙwayarsu ɗaya, amma gudunsa mita 730 ne, ƙarfinsa ya kusa jul 7,000.

Sai .470 Nitro Express, wanda ya gaji .450 bayan dokar 1907. Ƙwaya giram 32, gudu mita 655, ƙarfi shi ma wajen jul 7,000. A bindiga mai baki biyu ake sa shi, domin in dabba ta taso, harbi na biyu yana nan a shirye ba tare da an motsa kome ba sai yatsa.

Daga nan sai manyan gaske. Harsashin .577 ƙwayarsa giram 48.6 ce, ƙarfinsa wajen jul 9,500, bindigarsa kuwa ta kai kilo shida, har sai an ɗauki yaro na musamman mai riƙe ta. Na .600 ƙwayarsa giram 58 ce. A Amurka kuma, Roy Weatherby ya fito da .460 a 1958, wanda ke tura ƙwaya giram 32 da gudun mita 790, ƙarfinsa ya haura jul 10,000.

Abin da ke takarda da abin da ke daji

In da lamba ce kaɗai ke kashe nama, da gardama ta ƙare nan. Amma labarin .458 Winchester ya isa misali. Kamfanin Winchester na Amurka ya fito da shi a 1956, ya ce zai yi aikin .470 a bindiga mai araha, watau ƙwaya giram 32 da gudun wajen mita 650. Ya kuwa sami karɓuwa, musamman da kamfanin Kynoch na Ingila ya daina yin tsofaffin harsasan nan wajen 1970. Sai dai ƙwansonsa gajere ne, dole aka danƙare albarushi a ciki. In ya daɗe a ajiye cikin zafin Afirka, albarushin yakan dunƙule, ya ƙi cin wuta sosai, har aka auna waɗansu aka ga gudunsu bai kai mita 600 ba. A 1959 ɓauna ta ji wa wani Ba'amurke mai suna Jack Lott mummunan rauni a Mozambik yana riƙe da .458. Da ya warke sai ya ƙara wa ƙwanson tsawon milimita bakwai da ɗoriya, a 1971 ya fito da .458 Lott, mai gudun mita 700. Albarushin da ake yi yanzu ya gyara matsalar .458 Winchester, amma darasin yana nan: lambar da ke jikin kwali a ɗaki mai sanyi aka auna ta.

Tsofaffin maƙeran Landan sun san wannan tun farko. Kodayit yana ƙara zafin tashi in rana ta gasa shi, shi ya sa suka yi wa .416 da .470 manyan ƙwanso, don matsin da ke cikin bindiga ya zauna ƙasa, ƙwanso kuma ya fita da sauƙi bayan harbi. A wurinsu harsashin da ke tashi kullum yadda aka san shi ya fi wanda ke da babbar lamba.

Ɗan hakin da ka raina

Akwai kuma wani mutumin Sikotilan, Walter Bell, wanda ake yi wa laƙabi da Karamojo, sunan wani yanki na Yuganda inda ya yi farauta a farkon ƙarni na 20. An ƙididdige masa giwaye 1,011, kuma wajen 800 daga cikinsu da ɗan ƙaramin harsashi 7x57 ya kashe su, mai ƙwaya giram 11 da ƙarfin da bai wuce jul 2,800 ba, watau bai kai rabin na .375 ba. Asirinsa kuwa sani ne. Yakan sa zarto ya raba ƙoƙon kan giwa don ya ga daidai inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, yakan matsa kusa, kuma ba ya amfani sai da doguwar ƙwaya mai rigar ƙarfe wadda ba ta fashewa.

Nan ne aka gane cewa shigar ƙwaya cikin jiki ta fi ƙarfinta muhimmanci. Ƙoƙon kan giwa kamar saƙar zuma yake, kuma in ta fuskanto mutum, ƙwaya sai ta ratsa fiye da rabin mita na fata da ƙashi kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Ƙwaya doguwa mai nauyi bisa ga faɗinta ta fi dunƙulalliya shiga, kamar yadda ƙusa ta fi dutse shiga katako ko da dutsen ya fi ta nauyi. Don haka ƙwaya iri biyu ce: mai tauri, wadda ake harbin giwa da dorina da ita, da mai taushin baki, wadda ke buɗewa a cikin jiki, ta zaki da damisa da gwanki. Wanda ya musanya su ya jawo wa kansa, kome girman bindigarsa.

Wani mafarauci ɗan ƙasar Ayalan, John Taylor, bai yarda a kwaikwayi Bell ba. A littafinsa na 1948 kan bindigogin farautar Afirka ya kawo wani lissafi nasa, inda ya haɗa nauyi da gudu da faɗin ƙwaya, don a gane yadda harsashi zai iya sumar da giwa in an harbe ta a ka aka kuskure ƙwaƙwalwa. A lissafin, 7x57 ya sami maki 16, .375 ya sami 40, .416 ya sami 57, .470 ya haura 70, .577 kuma ya haura 120. Hujjarsa ita ce ba kullum ake dacewa ba, kuma ranar da aka kuskure, babban harsashi ne kan ba mutum 'yan daƙiƙun da zai sake harbi. Duk da haka, harsashin da Taylor ya fi yabo a littafin nan shi ne .375, wanda ke kusa da ƙasan jerin.

Shurin bindiga

Dalilin haka yana kafaɗa. Duk abin da ya tura ƙwaya gaba sai ya turo bindiga baya, abin da za mu kira shuri. Bindigar .375 mai kilo huɗu shurinta wajen jul 50 ne. Ta .416 ya kusa 80, ta .470 ya haura 90, ta .460 Weatherby kuwa ya kai wajen 135, duk da cewa ta fi kilo biyar. Mai karatu ya lura: daga .375 zuwa .460 ƙarfin da ke samun nama bai ninku sau biyu ba, amma wanda ke samun kafaɗa ya kusa ninkuwa sau uku.

Mutumin da bindiga ta taɓa yi wa mugun shuri, jikinsa ba ya mantawa. Lokacin da zai taɓa kunama sai ya runtse ido, ya fizgi yatsa, saiti ya kauce, ƙwaya ta sami ciki ko cinya maimakon zuciya. Abin da ya sami Selous ke nan. Dabbar da aka ji wa rauni kuwa ta fi lafiyayya haɗari, musamman ɓauna, wadda kan shiga duhuwa ta laɓe ta jira mai bin sawunta.

Ƙasashen da har yanzu ake farautar manyan namun daji da lasisi sun sa iyaka ta ƙasa. Tanzaniya ba ta yarda a harbi ɓauna ko giwa da abin da bai kai .375 ba. Zimbabuwe ta ce faɗin ƙwaya ya kai milimita 9.2, ƙarfi kuma jul 5,300. Ke nan hanyar Bell ta rufu. Abin da ƙwararru suka tsaya a kai bayan shekara ɗari shi ne: harsashi ya kai iyakar da za ta ratsa dabbar da aka nufa, sa'an nan kada ya wuce abin da kafaɗar mai harbi za ta ɗauka yana kallon saitinsa. Abin da ya haura wannan, asarar albarushi ne.

Ina giwayen?

To, mu dawo gida. Waɗannan harsasai an yi su ne domin giwa mai tan biyar ko shida, da dorina, da ɓaunar kudancin Afirka mai kilo 800. Tamu ɓaunar ta yammacin Afirka ba ta kai wannan girma ba. Dajin da ke kewaye da Minna kuwa yawanci ya zama gona, abin da maharbi ke samu shi ne gyazbi da zomo da burgu da fakara da zabin daji, jefi-jefi gada. Wanda ya harbi gyazbi mai kilo biyar da .375 ba zai tarar da abin kai wa gida ba, kuma ƙwayar da ta kuskure tana iya tafiyar fiye da kilomita uku, ta sauka a gonar wani ko a tsakar gidansa.

Manyan namun da suka rage suna cikin gandun daji. Gandun Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta haɗe dajin Borgu da na Zugurma, shi ne na farko a gandayen ƙasa na tarayya. Na Yankari a Jihar Bauchi an keɓe shi tun 1956. Wani binciken da aka buga a 2014 ya nuna zakunan Nijeriya duka ba su kai 50 ba, kuma a waɗannan wurare biyu kaɗai suke. A 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kare giwaye, an bayyana cewa waɗanda suka rage a ƙasar tsakanin 300 da 400 ne, alhali shekara talatin kafin nan sun haura 1,000. A watan Janairu na wannan shekara ta 2024 aka niƙe hauren giwa tan biyu da rabi a Abuja, wanda aka ƙwace daga masu fasa-ƙwauri. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta ba dabbobin da ke shirin ƙarewa kariya, a 2016 kuma aka yi mata gyara aka tsananta hukuncinta.

Dokar Bindigogi ta 1959 ita ma ta kasa bindigogi kashi uku. Na yaƙi, har da masu faɗin 7.62 da .303, sai da iznin Shugaban Ƙasa. Mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar farauta ta zamani, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na ɗuri, irin su adaka, suna ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bugu da ƙari, sabuwar .470 mai baki biyu ƙirar Landan kuɗinta ya haura fam 100,000 na Ingila. Ke nan ko ta fuskar doka, ko ta aljihu, ko ta abin harbi, babban harsashi ba shi da wurin zama a Garatu.

Darasi ga mai adaka

Abin da ke da wurin zama shi ne ilmin da aka samu daga gare shi. Da fari, matsin da ke tashi cikin bindigar .375 lokacin harbi ya kai ninki 2,000 na iskar da ke cikin tayar mota. Na mai baki biyu ya haura ninki 300. Shi ya sa a Ingila, tun 1813, akwai gida na musamman a Bamingam inda ake gwada hancin bindiga da ɗurin da ya wuce kima kafin a buga masa hatimi a sayar. Adakar da maƙeri ya haɗa da bututun ƙarfe ba ta taɓa shiga irin wannan gwaji ba. Ranar da mai ita ya ƙara mata ɗuri, ranar ce gwajinta, hannunsa na hagu kuwa yana riƙe da ita, fuskarsa tana jingine da ita.

Na biyu, baƙin albarushi yana da iyakar da in an kai, ƙari ba ya ƙara gudun a zo a gani, sai hayaƙi da shuri da haɗarin fashewa. Mafi muni shi ne a farke harsashin zamani a juye albarushinsa cikin bindigar ɗuri. Wannan albarushi marar hayaƙi matsinsa ya fi ƙarfin kowace adaka, masu ƙera bindigogin ɗuri a ko'ina cikin duniya suna gargaɗi a kansa. Haka nan ɗuri biyu bisa mantuwa, da bakin bindiga da laka ko gidan zanzaro ya toshe. Sandar ɗuri mai alama, wadda za ta nuna ko akwai wani abu a ciki, ta fi laya amfani a nan.

Na uku, a daidaita ƙwaya da nama. Ƙananan ƙwayoyi na tsuntsu ne da zomo, manya na gada da gadu, kuma dukansu ƙarfinsu yana zubewa bayan mita 30 zuwa 40. Harbi daga nesa da haka raunata nama ne kawai, ya je ya mutu inda ba mai amfana. Kakanninmu da suka ɗaura burtu a ka suka yi rarrafe har kusa da nama, ilminsu da na Bell guda ne. Ko a watan Oktoba na 2024, da wata dorina ta kashe wani masunci a Yawuri ta Jihar Kebbi, da zago mutanen wurin suka kayar da ita bayan sun daɗe suna bibiyarta.

Na huɗu, darma guba ce. Mutanen Jihar Neja ba su manta da Shikira a Ƙaramar Hukumar Rafi ba, inda gubar darma daga haƙar zinariya ta kashe yara 28 a 2015. Ƙwayar darma takan bar ɓurɓushi a nama, saboda haka a yanke inda ta shiga a zubar, kada a ba yara, kada kuma a narka darma a madafa ko cikin tukunyar abinci.

Na ƙarshe, kada a harbi abin da ba a gani sarai ba. Ido biyu da suka haska a fitilar goshi da dare, ko ciyawa da ta motsa a farautar gayya, sun sha zama ɗan'uwa ko maƙwabci.

Gardama dai ba za ta ƙare ba, domin ita ce gishirin hirar maharba. Amma in ana son a ba wani kambi, tarihin waɗannan harsasai ya nuna wanda ya cancanta: maharbin da ya san dabbarsa, ya san iyakar bindigarsa, ya matsa kusa, ya harba sau ɗaya, ya komo gida da yatsunsa goma, ya kuma bar wa jikokinsa abin da za su gani a daji. Sarakunan dawa da shugabannin ƙungiyoyin maharba su ne suka fi kowa ikon isar da wannan ga matasa masu tasowa, tun kafin a shiga farautar bana. Allah ya kiyaye.